Kawu Yana Sayar da Sunanki a Kwalba

Ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya maigidanki da yara? Mu nan Batsari lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Raina a ɓace yake. Kin tuna da Sallah kin ce wani sinadari da kuka ciro daga sassaƙen marke ya hana ƙwayar cutar ƙurajen leɓe yaɗuwa a ɗakin gwajinku, amma ba a gwada shi a jikin mutum ba? Ashe Kawu Sale rabin maganar ya ji. Yanzu dafa sassaƙen yake, yana ɗurawa a kwalabe, yana shela a kasuwar Safana wai 'yarsu Dakta ta tabbatar magani ne.

Wata mata daga Runka ta ɗiga wa jaririnta a ido. Idon ya kumbura, yanzu suna asibiti. Da na tunkari Kawu sai ya ce, "Kai ka fi ta karatu ne?"

Don Allah ki kira shi yau, ki kuma turo saƙon murya, in kunna a gaban rumfarsa kowa ya ji. Ki sa jaririn nan a addu'a. Ki gaishe da mutanen gida.

Yayanki,
Lawal