Jerin Mantuwar Mama

Litinin, 3 ga Maris

Tukunya ta biyu ke nan a wata guda. Na ɗora madara, na ce bari in leƙa shafi ɗaya tak, don na bar jarumar littafin a gadon asibiti ta manta har sunanta, ga wani dogon likita yana mata kallon tausayi. Da na ɗago kai, kicin ya turnuƙe. Maigida ya shigo daidai lokacin da Mama, mahaifiyarsa, take tsaye gaban murhu tana korar hayaƙi da mayafinta. Ya dube ta, ya dubi tukunyar, ya girgiza kai. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce uffan ba. Ai yin shiru ba ƙarya ba ne. Ko?

Laraba, 5 ga Maris

Ina zazzage aljihun rigarsa zan yi wanki, takarda ta faɗo. A sama ya rubuta "Mama", ya ja layi, ya jera abu bakwai da lamba. Mutumin nan ko kasuwa zai je sai ya sa lamba.

Tukunya. Wata tukunyar. Famfon banɗaki da ya wuni yana zuba. Makullin gida a cikin firij. Dutsen guga da ya huda masa farar riga. Duka biyar ɗin nan ni ce. Makullin ma ina da dalili: man shanu a hannu ɗaya, makulli a ɗaya, littafi a hammata, dole wani ya shiga inda ba nasa ba.

Na shida, wai a shagon ɗinkinta ta auna mace ɗaya sau uku a zama guda. Na bakwai, wai mai kanti ya gan ta tsaye a mahaɗar layinmu tana waige-waige, shi ya nuna mata gida. Waɗannan ban san da su ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yayarsa ta bugo, ya sa wayar kowa na ji. Muryar Yaya ko ba waya ana jin ta. Sun yanke shawara: mako mai zuwa za a kai Mama asibiti a gwada ƙwaƙwalwarta. In sakamako bai yi kyau ba, a karɓe makullin shagon ɗinkinta ta zauna a gida, kafin ta bar dutsen guga ta ƙone layin shagunan gaba ɗaya.

Shekara talatin da huɗu tana buɗe shagon nan ƙarfe takwas. Ko ranar da aka kawo ni gidan nan sai da ta je ta ɗinke wani siket ta dawo.

Asabar, 8 ga Maris

Gobe zan faɗa masa. Yau ya gaji.

Lahadi, 9 ga Maris

Na fara fa. Na ce masa ai kowa na iya barin famfo, ba sai tsoho ba. Sai ya ajiye cokali ya ce abin da ke burge shi da ni ke nan, ina kare Mama kamar ita ta haife ni. Har ya kira Yaya ya ba ta labari. Wanda aka yaba haka, ta ina zai fara?

A littafi, jaruma takan fallasa kanta ne cikin ruwan sama, gashi ya jiƙe, miji ya kama hannunta ya ce ya yafe tun kafin ta buɗe baki. Na duba sama. Ko gajimare babu.

Talata, 11 ga Maris

Na kai wa Mama abinci shago. Teburin yanka duk ya cika da agogo, ta zana su da allin ɗinki, manya da ƙanana. Wata mai kawo mata ɗinki ce ta gaya mata a gwajin ana sa mutum ya zana agogo, shi ne take bita kamar 'yar makaranta. Ta sa ni in riƙa kama ta da tambaya: yau wace rana, nawa ga wata. Ta ce sha ɗaya, na ce a'a, goma. Muka duba kalanda. Ita ce da gaskiya. Ta yi dariya har da tari, ta ce to malamar ma sai an kai ta.

Can tana goge allin, ba ta dube ni ba, ta ce:

"'Yar nan, tukunyar nan ce ke damuna. Na yi, na yi, ban tuna na ɗora ta ba ko kaɗan. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Na ce zan koma gida, na bar wanki a jiƙe. Ban bar komai ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Likitar ba doguwa ba ce, ba namiji ba ce, kuma ba ta yi wa kowa kallon tausayi ba. Gajeriya ce mai tabarau, tana magana tana duba kwamfuta.

Ta ba Mama kalmomi biyar ta riƙe: kujera, lemo, jirgi, hula, kogi. Ni ma na riƙe a zuci, don in ga. Ta sa ta rage bakwai-bakwai daga ɗari. Mama ta sauko tiryan-tiryan, ni na maƙale a tamanin da wani abu. Agogo kuwa, likita ta ce ba ta taɓa ganin da'ira mai kyau haka ba. Mama ta ce ai wuyan riga ne. Da aka dawo kan kalmomin, Mama ta kawo uku. Ni biyu, ɗaya ma ƙofa ce, wadda babu ita a ciki.

Sai Maigida ya zaro takardarsa, ya gyara murya, ya fara karantowa. Mama ta sunkuyar da kai tana murza makullin shago a cinyarta. Yana kaiwa famfo na ji bakina ya ce, "Ni ce."

Ya ce ke ce me?

Na ce famfon. Da tukwanen. Da firij. Da rigar. Likita ta cire tabarau, ta karɓi takardar, ta riƙa tambayata ɗaya bayan ɗaya tana sokewa. Da ta zo na shida na ce shi ma ni ce. Ta ce ni na auna matar? Na ce to, na bakwai ɗin dai ni ce. Ta ce, "Ke kika tsaya a mahaɗa a madadinta?" Yaya, da ke bakin ƙofa, ta kwashe da dariya.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sauke numfashi ta ce, "Ashe ban ɗora ba." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Likita ta ce biyun da suka rage ba abin wasa ba ne, kalmomi ukun ma haka, amma ba su kai a rufe shago ba. Za a ɗibi jini, a dawo bayan wata shida a sake gwadawa. Kafin nan wani ya riƙa raka ta, kuma a rubuta duk abin da aka gani. "Wanda ita ta yi," ta ƙara, tana dubana ta saman tabarau.

Juma'a, 14 ga Maris

Bai kama hannuna ba. Bai ce ya yafe ba. Ya dai buɗe sabuwar takarda, na hango sunana a sama da layi a ƙarƙashi. Yaya ta raɗa mini suna Sarauniyar Hayaƙi, har maƙwabta sun ɗauka.

Litinin, 17 ga Maris

Ni aka ɗora wa rakiyar. Maigida ya ce bai san wa zai raka wa ba. Mama ta ce in ɗauko jakarta in daina tsayuwa kamar an dasa ni.

Laraba, 26 ga Maris

Na iya sa maɓalli yanzu, kalmasar bakin riga ce dai har yau take karkacewa. Ba wai aikin ya shiga raina ba ne, shagon ya fi gida iska.

Kullum Mama ce ke kulle shago da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa. In ta juya, nakan ɗan ja kwaɗon a ɓoye. Yau ya buɗe a hannuna. Na yi tari na danne ƙarar rufe shi, na bi ta muka taho tana ba ni labarin wata mai ƙiba da ke rantsuwa tef ɗin awo ne ya tsuke.

Na rubuta a takardar likita, da rana da lokaci, yadda ta ce. Na daɗe riƙe da biron kafin in sa. Da akwai yadda zan rubuta ni ce, da na rubuta.