Kurangar Baba Karmine

Port Richmond, Oktoba

Maman Bege,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jikinki, ya yara? Ni lafiya lau, sai kewa.

Kin ce ba na ba ki labari. To wa nake gani? Daga ni sai Baba Karmine, tsohon ɗan Italiya da nake jinya. 'Ya'yansa sai waya. A bayan gidansa akwai kurangar inabi guda, babansa ne ya zo da reshenta daga ƙauyensu na kan dutse. Ya ce ƙauyen ya watse, bai san ko wata irinta ta rage ba. 'Ya'yanta ƙanana ne, baƙi ƙirin, ɓawo mai kauri, ga taurin kai irin naki, sai na kowa ya ƙare take nuna. Na ɗanɗana, bauri ya kama min harshe, ya yi ta dariya. Amma ruwanta in ya kwana biyu, ja wur, ƙamshi kamar ƙasa bayan ruwan farko. Mu biyu muka matse na bana.

Mijinki,
Rwang

Fabrairu

Maman Bege,

Ina gaishe ki, ya sanyin Jos? Baba Karmine ya rasu. An sayar da gidan, an tumɓuke kurangar za a zuba siminti. Allah ya sa na riga na yanko rassa kamar yadda ya koya min, amma wayyo, na yi wauta. Ya ce a bar su cikin sanyi su yi barci. Ni kuwa tausayi ya kama ni, ƙanƙara fa ake yi! Na jera su a bokiti kusa da hitar ɗumama ɗaki. Suka tsiro da wuri, suka bushe ƙaf. Saura ɗaya da bokitin bai ɗauka ba, na manta shi a bakin taga ta waje. Ba na iya cin abinci, ki sa ni a addu'a.

Rwang

Afrilu

Maman Bege,

Da fatan kuna lafiya. Reshen taga ya yi toho! Na yi ihu, na sungumi tukunyar da na dasa shi a ciki, na fita da gudu ba takalmi na buga ƙofar maƙwabcina. Ya dubi sandar, ya dube ni, ya rufe ƙofarsa.

Na daɗe a tsaye da tukunyar a hannu. A duk garin nan ba wanda zan gaya wa, Salome matata, sai ke. Kaɗaici ya ishe ni.

Ki gai da yara.

Naki har kullum,
Rwang