Hamisu, Kai Na Tura Balan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji Hamisu na Gafasa, mazaunin Fatakwal. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan kasuwa, ina fatan albasa tana tafiya yadda ake so. Mu nan Gaya lafiya lau, an kai amfanin gona gida, mun gode Allah.

Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka. Na aika Gafasa, aka ce ka koma kudu washegarin ranar da kuka dawo daga Balan. Shi ya sa na rubuto a wannan shafi nawa na intanet da na saba yi wa mutane sharhin finafinai, domin na san kana leƙowa ko da ba ka cewa komai. Yau ma maganar fim ce, amma da kai kaɗai nake.

Ka san yaron nan nawa na fari. Kai ka yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, saboda ni kunya ba ta bar ni na ɗauke shi ba. Har yau ban taɓa kiran sunansa ba, kai kuwa “ɗana” kake ce masa. Da ya ga yarinya a Balan, suka daidaita, kowa ya san ba ni zan je nema masa ba. Uba ba ya zuwa, balle a kan ɗan fari. Amini ake turawa. Na ƙi tura kowa, na jira har ka zo ganin gida, na haɗa ka da Sabi'u ƙanena, na ba ku motata.

Ga abin da Sabi'u ya dawo mini da shi. Bayan an gaisa a zaure, baffan yarinyar ya dube ka ya ce, “Alhaji, kai ka san gidan nan ciki da waje. Mun ji an ce uban yaron in ya dawo kasuwa ba shi da aiki sai kallon fim, har da iyali a zaune. Yaya abin yake?” Sai ka sunkuyar da kai, ka ja carbi, ka ce, “Wallahi na sha yi masa nasiha bai ji ba. Ni dai Allah Ya raba ni da wannan tuntuni.” Suka ce to, sai sun neme mu. Har yau ba su neme mu ba.

Nasiha, Hamisu? Yaushe? A ina muke zaune da ka yi ta?

Wa ya fara kai ni gidan kallo? Muna aji biyu a sakandare, kana zaune a gidanmu saboda Gafasa ta yi maka nisa, Inna tana zuba mana tuwo a kwano ɗaya. Wata ranar kasuwa da rana tsaka ka ja hannuna zuwa shagon nan na bayan 'yan nama, wanda aka toshe tagoginsa da buhu. Ciki zafi, janareta na ihu, ga akwatin talabijin a kan durom. Ni ban taɓa ganin hoto mai motsi ba in ban da majigin da aka taɓa kawowa ana koya wa manoma zuba taki.

Fim ɗin 'yan Chana ne. Kai faɗan ya burge ka. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai wani yaro ne da ya je koyon faɗa wajen tsoho, tsohon bai koya masa komai ba sai ɗebo ruwa daga gindin dutse zuwa samansa, yau da gobe, har kafaɗarsa ta yi kanta. Daga baya da na gama makaranta da sakamakon da ba ya kai mutum ko'ina, na shiga dakon buhu a kasuwar Gaya, wannan yaron nake tunawa in wuyana ya ƙage. Ban gaji ko akuya ba, ka sani. Daga dako na sayi injin niƙa, daga injin niƙa na buɗe shagon taki da iri, yau ga injin casar shinkafa da yaron yake kula da shi. Ban ce fim ne ya yi mini ba, Allah ne Ya yi. Amma a cikin shagon nan mai zafi na fara ganin cewa wahala tana iya zama makaranta.

Kai kuwa ranar da muka koma gonar Inna ka daka tsalle za ka hamɓare tarin kara da ƙafa ɗaya, ka faɗa cikin ƙaya. Inna tana cire maka tana cewa, “Kai ɗan Gafasan nan, in ba ka karye ba hankalinka ba zai kwanta ba.”

Na Indiya kuwa kai ne malaminsa. Tun kafin a fara fassara su da Hausa, kai kake fassara wa mutane, alhali ba ka jin ko kalma ɗaya. A gayyar noma a Gafasa mutane rububin kunyar da ke kusa da taka suke yi don su ji labari. Kana noma kana cewa, “Sai jarumin ya ce wa bos, yau ko ni ko kai,” har da waƙar kake rerawa da yaren da kai ka ƙirƙira. Akwai wanda muka kalla, ɗa ya dawo gida bayan shekaru, uwarsa ta makance, ta shafa fuskarsa ta gane shi. Na waiga na ga hawaye har gemunka da bai gama fitowa ba. Ka ce hayaƙin janareta ne. Janaretan yana waje, Hamisu.

Na kaboyi ne kaɗai muka saɓa. Kai cewa kake, “Mutum ya cinye rabin fim a kan doki bai ce uffan ba, wannan ai barci ne.” Ni kuwa shirun nake so. Ƙasa fetal kamar tamu in an gama girbi, rigimarsu a kan rijiya da hanyar shanu, irin wadda muke gani tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali. Kuma a cikinsu in mutum ya ce wa abokinsa zan tsaya maka, to zai tsaya, ko gari duka ya watse ya bar su. Ina ganin wannan na ɗauka da zafi fiye da yadda ya kamata.

Da na sayi bidiyona na farko da gumina, kai ka kawo mini kaset ɗin Hausa daga Kano a aljihun babbar riga. Murya ba ta fita sosai, wani lokacin har inuwar mai ɗaukar hoto ake gani a bango, amma harshenmu ne, zaurenmu ne, kwanon shanmu ne a cikin akwati. Inna, Allah Ya jiƙanta, ta zauna a bakin ƙofa tana leƙe. Aka nuno wata tana daka, sai ta ce, “Wannan ba ta taɓa daka ba a rayuwarta, dubi yadda ta riƙe taɓarya kamar za ta kashe maciji.” Muka yi dariya har ka ƙware.

Finafinan kudu ma kai ka riƙa ɗauko mini su a kwali duk zuwan da za ka yi.

Ka ce Allah Ya raba ka da wannan tuntuni. To bara fa? Bara, bayan ka sauke farali, a falona ka zauna na kunna maka tsohon fim ɗin nan baƙi da fari wanda ba a magana a cikinsa, mutum yana ta fama da tsani yana faɗowa. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ƙananan yaran suna ɗauko maka. Da za ka tafi ka ce in tura maka a waya. Na tura.

Ba na cewa duk fim alheri ne. Ni da nake kallo na fi su baffan yarinyar sanin ɓarnar da ke ciki. Akwai na yanzu masu dogon zango da ake jan labarin da bai kai cikin cokali ba har shekara, babu komai sai zagi da nuna gidaje. Akwai fassarar da mai yin ta yake cusa batsa inda babu ita. Shi ya sa babu abin da ake kunnawa a falona sai na fara kallonsa ni kaɗai, kuma in ladan ya ɗaga murya, ko jarumi na rataye a bakin rami, kashewa ake yi. Ka ga wannan da idonka ba sau ɗaya ba. Yara nawa ne a Gaya da Balan ɗin kanta suke kallon abin da suka ga dama a waya cikin bargo, iyayensu na bugun ƙirji cewa gidansu babu talabijin? Ni na zaɓi in zauna tare da nawa.

Wannan kaɗai ya ishe ka amsa a zauren. Ko ka ce, “E, yana kallo, ni ma tare muke kallo, ku aika a duba tarbiyyar 'ya'yansa.” In sun hana bayan haka, 'yarsu ce, ba zan ce komai ba. In kuma da gaske ka daina, Allah Ya ƙara shiriya, sai ka same ni a zaurena ka gaya mini, ko ka ce in tura wani. Na san abin da ya faru. Ka ga dattawa masu furfura sun zuba maka ido, kai kuma yanzu kai kake jan 'yan kasuwa salla a can Fatakwal, ana ce maka Malam. Ka ji tsoron a lissafa da kai. Sai ka tsame rigarka ka bar yaron a ciki.

Shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ni an daɗe ana ce mini Alhaji mai fim a kasuwa, ban taɓa damuwa ba, masu faɗa ma a shagona suke sayen taki. Amma shi me ya yi? Yaron da ko kallon bai dame shi ba, shi dai ƙwallo. Yanzu daga injin sai ɗakinsa. Ya daina zama a falo. In ya zo gaishe ni kansa a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa. Maganar ta zaga gari, ta iso kunnensa. Ka san me ya ce wa mahaifiyarsa? “Baffa Hamisu ba zai faɗi haka ba, ba su dai ji daidai ba ne.” Har yanzu kai yake karewa.

Shekaranjiya aka gaya mini wasu mutanen Ajingi sun fara kai gaisuwa gidan su yarinyar. Yarinyar, an ce, ta ƙi fitowa, amma ba za ta ƙi har abada ba, kuma ba zan so ta saɓa wa iyayenta saboda mu ba.

Don haka na yanke shawara. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ni da kaina zan je Balan. Sabi'u ya ce abin kunya ne, za a yi ta ba da labarin uban da ya je nema wa ɗan fari aure da bakinsa. Uwar yaron ta ce ba a taɓa yi ba a danginmu. Gaskiya suka faɗa. Ni da ban taɓa durƙusa wa wani a kan abin duniya ba, zan cire takalmi in zauna a ƙasan tabarmarsu. Zan ce musu e, ina kallo, ba zan yi ƙaryar na tuba daga abin da ban ɗauke shi zunubi ba. Zan ce in laifi ne nawa ne, kada a ɗora wa yaro. Ban san yadda zan yi in aka tambaye ni wane yaro ba, domin bakina bai saba da sunansa ba. Zan dai san yadda zan yi in na je.

Ba zan ambace ka da sharri a can ba. In sun tambaya, zan ce aminina ne, ranar ce dai ta zo masa a haka.

Tun da Sabi'u ya dawo ban kunna komai ba. Ba tuba na yi ba, daɗin ne ya fita. Na gane ashe rabin daɗin kallon da nake yi shi ne in na ga wani wuri in ce wannan sai na gaya wa Hamisu. Haushinka nake ji, wallahi, irin wanda ban taɓa ji a kan wani mahaluki ba, kuma duk da haka in waya ta yi ƙara sai na duba ko kai ne.

Yau Litinin. Motar Kano tana tasowa daga Fatakwal kullum, ka fi ni sani. Kujerar gaba a motata taka ce in ka iso. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ba sai mun yi magana a hanya ba. Ka shiga zauren kawai ka gyara abin da ka faɗa, ka ɗauke mini wannan nauyi da ba nawa ba ne, naka ne tun ranar da ka karɓe shi a hannun ungozoma. In ba ka zo ba, motar tawa za ta tashi.

Allah Ya jiƙan Inna da ta ɗauke ka ɗa. Allah Ya sa albarka a kasuwarka, Ya tsare ka a hanya in ka taso, Ya tsare ka a can in ka zauna. Allah Ya zaɓa wa yaran nan biyu abin da ya fi alheri, Ya sanyaya zuciyar ɗanka. Ni kuma Allah Ya ba ni ikon yafe maka, domin har yanzu ban kai nan ba. Amin.

Naka, ko ka ɗauki waya ko ba ka ɗauka ba,
Isiyaku mai taki, Gaya.