Sawun Zabo a Kan Hauyar da Ba Ni Na Ƙera Ba

Zuwa ga Maigirma Babban Jami'i mai sa ido kan kayan da ke shige da fice a iyakar Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Ya aiki, ya rana, ya kuma haƙuri da mu?

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma ƙarfena ya sha wucewa ta gabanka. Sunana Lawal, maƙeri ne ni ɗan maƙeri, a nan Jibiya aka yanke mini cibiya. Bokona bai wuce firamare ba, don haka in alƙalami ya karkace a yi mini uzuri, hannun ya fi sabawa da masaba. Na rubuto a fili ne don manoman da abin ya shafa su ji, ko da karanta musu za a yi.

Na farko: abin da aka ɗauke mini.

Mahaifina Audu, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin wata safiya bayan ruwan farko. Ya sauka bakin gulbi, yashi na jiƙe, ƙasa na ƙamshi, sai ya ga sawun zabo a jere har cikin ciyawa: yatsu uku gaba, ɗan ɗigo a baya. Ya ce ya daɗe a tsaye yana kallo kamar wanda aka rubuto wa saƙo. Da ya dawo maƙera sai ya sassaƙa sawun a bakin wani guntun ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa. Tun daga ranar, duk hauyar da ta fito daga hannunsa, a wutar ƙarshe, tana ja jawur, sai ya ɗora guntun nan ya buga sau ɗaya. Manomi daga Daddara ko Riko ko Gangara, ko daga ƙauyukan Maraɗi, ba ya tambayar sunanmu a kasuwar Lahadi. Cewa yake a ba shi mai sawun zabo.

Sawun nan ba ado ba ne, alkawari ne. Duk hauyar da ke ɗauke da shi, in ta karye ko ta lanƙwashe kafin a ɗaure gero, mai ita zai kawo ta ya ajiye a ƙofar maƙera, ya ɗauki sabuwa ya tafi. Ba a tambayarsa inda ya saya, ba a sa shi rantsuwa. Baba ya ce manomin da hauya ta ci amanarsa a tsakiyar damina ba shi da lokacin shari'a. A kan haka ya mutu, a kan haka na gada. A shekara bai fi biyu ko uku su dawo ba, su ma yawanci dutse suka sara.

Har yau in na zauna da hantsi, zuga-zugi na numfashi, tartsatsi na tashi, sai hankalina ya bi hauyoyin nan. In gan su ɗaure a bayan babur sun haye Magama, sun wuce Ɗan Isa, suna shiga gonakin da ban taɓa takawa ba. In ga wani tsoho yana shafa sawun da babban yatsa kafin ya sunkuya. Ni ban taɓa wuce Maraɗi ba, amma zabon Baba ya yi yawon duniya. Wannan tunanin shi ne hutuna.

Na biyu: yadda abin ya faru, da laifina a ciki.

Daminar bara, ana tsakiyar noman farko, sai ga Malam Ila. Dattijo ne daga wani ƙauye can hayin iyaka, tun ina riƙe wa Baba awartaki yake sayen hauya a wurinmu. Ya sauko daga mota da rana tsaka, ya ajiye hauya a ƙofa, ta naɗe kamar ganyen kabewa da ya sha rana. Ina ɗaga ta na san ba tawa ba ce. Ba ta da nauyi, an shafe ta da baƙin fenti mai sheƙi, kuma ƙarfen tsohuwar ganga ne. Ni da sifirin ɗin mota nake ƙira. Amma ga sawun zabo raɗau a gindinta, ya ma fi nawa kyau.

Yallaɓai, a nan na yi kuskuren da nake cizon yatsa a kai. Na dubi furfurarsa, na tuna ya bar ciyawa tana cin geronsa ya biyo hanya, sai bakina ya yi nauyi. Na kasa ce masa an cuce shi. Na miƙa masa sabuwa kamar yadda aka saba. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce ƙarfen gidanmu ya canza, Allah ya jiƙan Audu. Ya kama hanya ya tafi. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Labari ya bazu cewa mai sawun zabo ko wace iri ce, in ta lalace Lawal zai canza. Kafin a yi maimai, ƙofata ta cika da lanƙwasassun hauyoyi. Wata Lahadi na zagaya kasuwa da kaina, na tarar da su tsibi a kan buhu. Mai sayarwa bai gane ni ba. Har yana yi mini talla, wai in saya hankali kwance, in ta karye akwai maƙerin da ke biya! Na tsaya ina dariya hawaye na zubo mini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tambaye shi inda yake samowa, ya ce shi dai a buhu ake sauke masa daga kamiyo, wato babbar motar kaya. Wasu sun ce daga can ake shigo da su, wasu sun ce daga nan ake fita da su. Ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Abin da na sani, hanya ɗaya ce, kuma ta gabanka ta bi.

Na uku: ba ni kaɗai ba ne.

Wani zai ce don hauya ake wannan dogon rubutu? To, a bi ta a gani. A da mu bakwai ne a maƙerar nan, magidanta, yanzu mu uku muka rage. Masassaƙin da ke yi mana ƙota ya koma acaɓa. Matar da ke kawo mana gawayi daga Gangara ta daina zuwa. Baƙin hayi da ke zuwa da sefa don hauyarmu, su ci abinci a garin nan, su sayi atamfa da gishiri kafin su koma, sun fara cewa kayan Jibiya ba amana. Wanda ya saci alamar mutum ba shi kaɗai ya sata ba, ya saci yardar da ke sa baƙo ya hayo iyaka. Kuma wane saurayi ne zai yarda ya ƙone hannunsa shekaru yana koyon gyaran ƙarfe, alhali ya ga wani zai kwafi sunansa a wuni ɗaya? Mai turare da mai sabulu da mai ɗinkin hula duk kukansu ke nan, ni ne dai na sami alƙalami.

Wani lokaci nakan yi mafarki ido biyu. In ga rumfa a bakin iyaka, da allo babba, an zana alamar kowane mai sana'a: sawun zabona, da ta maƙeran Maraɗi, da ta masu turare. Manomi ya tsaya ya duba, ya saya, ya wuce yana murmushi. Sai gawayi ya fashe in farka.

Roƙona, ranka ya daɗe:

Ɗaya, ka turo mutanenka maƙerata, ko ni in zo da kayana. Gane jabun ba ya cin minti biyu. Hatimin Baba, wato guntun ƙarfen nan da ake buga sawun da shi, ya ɗan gutsure a yatsan tsakiya, don haka sawuna gajere ne a nan, nasu kuwa cikakke. Tawa in an ƙwanƙwasa tana amsawa da ƙara mai tsawo, tasu sai ta ce ƙwas ta yi shiru.

Biyu, an ce akwai ofishin da ake yi wa alama rajista ta zama mallakar mai ita a gaban hukuma. Mu ba mu san ƙofarsa ba. A nuna mana, ko a kawo mana shi kusa ko da yini ɗaya ne.

Uku, ka zauna da shugabannin kasuwa na nan da na hayi, a bi buhun nan har inda aka ɗinke shi. Ba ɗauri nake nema wa kowa ba. In maƙeri ne ɗan'uwana yunwa ta sa shi, ya zo in nuna masa yadda ake shayar da ƙarfe ya yi ƙwari, ya nemi tasa alamar. Sawu bai ƙare a daji ba, akwai na kurciya, akwai na zomo.

Yallaɓai, ga inda nake. Alkawarin Baba ba zan iya karya shi ba, kuma ba zan iya ci gaba da biyan bashin ɓarawo ba. Hauyoyin bana suna jingine a bango, na ƙera su duka, saura wutar ƙarshe. Hatimin yana aljihuna naɗe a tsumma. In na buga shi, na sake ɗaure kaina. In ban buga ba, zabon Baba ya mutu a hannuna, ya rage sai na jabu ke yawo a gonaki. Gabas ta fara haɗa hadari. Lahadin da ke bin ruwan farko Malam Ila zai hayo, in har bai yi fushi ba. Ba ya karatu, da babban yatsa yake duba hauya. Ka taimake ni in san abin da zan sa masa a hannu.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masu hanya, ya sa ka gama aikinka da sunanka a wanke, kada ya nuna maka ranar da wani zai sa hannunka a takardar da ba kai ka rubuta ba.

Wassalam.

Naka,
Lawal ɗan Audu Maƙeri,
mai sawun zabo, mai gajeren yatsan tsakiya.