Sun sayi irin ne don ni na tsaya masa

Gwaggo Fanna, don girman Allah ki taimake ni. Shekara goma sha huɗu ina cin abinci da ba mutane shawara, yau ga ni na rasa wadda zan ba kaina.

Ni lauya ce a Yamai. Yawancin aikina shari'ar kasuwanci ne, da ta zamba, da rigingimun kwangila tsakanin 'yan kasuwa da hukumomi. A biro, wato ofis, ana ce mini Metir kamar yadda ake kiran lauyoyi, amma asalina 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Dungas, kuma har gobe can iyayena suke. Babana, Malam Ari, manomi ne, shekarunsa saba'in da takwas. Ba mai dukiya ba ne, ba mai sarauta ba, abin da Allah ya ba shi magana ce. In aka yi rikicin iyakar gona ko ɓarnar dabbobi aka je gaban mai gari, Baba ya miƙe ya tsaya wa mutum, to an gama, don kowa ya san ba ya tsaya wa wanda bai san cikinsa ba. Haka abin yake a wurinmu. Wanda ka tsaya wa, ka ɗauki halinsa ka rataya a wuyanka ke nan. A cikin wannan na tashi, Gwaggo, na san shi sarai, amma na manta.

Shekara biyu da suka wuce wani Alhaji babban ɗan kasuwa ya ɗauke ni in kare shi. Ana tuhumarsa da cewa yana tara tsohon wake da ya daɗe a sito, ya shafa masa jan launi irin na maganin iri, ya zuba a buhu mai tambari, ya sayar a matsayin ingantaccen iri. Abin da ya gaya mini a biro ba zan iya gaya miki ba, na yi rantsuwa a kan haka ranar da na sa baƙar rigar lauyoyi. Abin da kowa ya ji a kotu shi ne, waɗanda suka ɗebi samfurin waken don gwaji ba su rufe shi a gaban shaidu ba, ya kuma yi sati uku a buɗe kafin ya isa ɗakin gwaji. Nan na riƙe, ban saki ba. Alƙali ya yi watsi da sakamakon gwajin, aka sallami mutumin. Abokan aiki suka yi ta taya ni murna, ni ma, kada in yi miki ƙarya, na ji daɗi. Har a rediyo an ambaci sunana.

Ashe rediyon nan ya kai har ƙofar gidanmu.

Da bazara dillalan mutumin suka sauka kasuwar Dungas da buhunansu, suna cewa wannan shi ne irin Alhajin da ɗiyar Malam Ari ta wanke a kotu. Baba ya ji. Bai kira ni ba, don a ganinsa babu abin tambaya: ɗiyarsa ba za ta tsaya wa maƙaryaci ba. Ya saya. Bai tsaya nan ba, ya faɗa a ƙofar masallaci cewa duk mai shakka ya saki jikinsa, 'yarsa ta bincika. Gida talatin da wani abu suka saya a kan maganarsa. Shi kuwa, don ya nuna ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, sai ya sa Inna ta fito da irin wakenmu na gado, wanda take adanawa cikin randa da toka tun ina ƙarama, aka dafa shi a sunan jaririn da aka haifa wa ƙanena Maina. Innalillahi. Ni ina Yamai ina ta fama da dosiye, takardun shari'a, ban san komai ba.

Ruwa ya sauka, aka shuka gero, aka bi shi da wake kamar kullum. Gero ya fito, wake shiru. A gurbi goma sai ka ga ɗaya ya leƙo, shi ma ya yi rawaya ya kwanta. Kafin a gane a nemo wani iri, lokaci ya wuce. Ba wake, ba harawa, mutane suka sayar da tumakin da suke kiwo don babu abin ba su. Wata gwauruwa maƙwabciyarmu, Zouera, da wake kaɗai take riƙe marayunta, ta zo ta zauna a zauren Baba, ta yi kukanta ta tashi.

Tun daga nan Baba ya daina zama a ƙofar masallaci bayan la'asar. Sahun ƙarshe yake tsayawa, da an sallame ya sulale. An yi rikici biyu a gaban mai gari, ba wanda ya aika a kira shi. Sau ɗaya ya kira ni a waya, bai yi faɗa ba, wallahi da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko na san irin ba na kirki ba ne. Ni kuma, da bakin nan nawa na kotu, na ce masa doka ta hana ni magana a kan abin da ke tsakanina da wanda na kare. Ya ce to, ya kashe wayar. Yanzu in na kira, gaisuwa ce kawai, sai ya miƙa wa Inna. Na aika masa da magani na hawan jini, ya karɓa, ya ce a yi mini godiya, kamar wata baƙuwa.

Satin da ya wuce Maina ya zo har Yamai da saƙo. Mutanen gari sun haɗa kai za su kai ƙarar Alhajin kotun tiribinal ta Magaria, kuma ni suke so in tsaya musu. Baba ya ce in na tsaya musu, kowa zai san ba da ni aka haɗa baki ba, shi ma zai iya ɗaga kansa. Gwaggo, ba zan iya ba! Dokar aikinmu ta hana lauya ya juya ya kai ƙarar wanda ya kare a kan magana iri ɗaya. In na yi, za a cire mini riga, kuma shari'ar tasu ma za ta lalace saboda ni. In na ƙi, a idonsu na zaɓi Alhaji na bar ubana. Na yi wa Maina bayani har sau uku, yana dubana kamar ina yi masa Faransanci. Ya koma ban ba shi amsa ba.

Ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Wani lokaci sai in ce in watsar da rigar kawai, in je in faɗa wa Baba duk abin da na sani, ko zan samu ubana ya dawo mini. Me zan yi?

Mai baƙar riga, daga Yamai

*

Ɗiyata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na tausaya muku ku biyun, ke da tsohon.

Bari in fara da abin da ba zan ce ki yi ba. Kada ki karya rantsuwarki. Amana ce, kuma ranar da lauya ya fara buɗe sirrin wanda ya kare don ransa ya ɓaci, talakan da aka yi wa ƙazafi ma ba zai sake samun wanda zai gaya wa gaskiyarsa ba. Kare wanda ake tuhuma ba laifi ba ne. Ba ke kika bar samfuri a buɗe ba, ba ke kika sa dillalai su yi talla da sunanki ba. Shi ma Malam, da girmansa, ya yi gaggawa. Kira ɗaya a waya kafin ya yi magana a masallaci da ya wadatar.

Amma ke ma kina da naki, kuma ina jin kin san shi, shi ya sa abinci ya ƙi miki daɗi. Kin san ma'anar tsaya wa mutum a garinku. Kin ji sunanki a rediyo, kin san kayan noma ake magana a kai, kin san gidanku manoma ne. Babu dokar da ta hana ki kira gida ranar ki ce aikinki kika yi, ba shaidar kayan kowa kika ba da ba. Sannan da ya tambaye ki, kika amsa masa kamar kina gaban alƙali. Haba, Metir! Tsohon nan so yake ya ji ko 'yarsa ta damu da abin da ya same shi, ke kuma kika karanto masa doka.

Ga abin da nake gani. Ki je wurin shugaban ƙungiyarku ta lauyoyi, ki gaya masa an yi ciniki da sunanki ba da izininki ba, ki tambaye shi iyakar abin da ya halatta ki yi da wanda bai halatta ba. Ki raba gari da Alhajin a rubuce in har yanzu akwai wani aikinsa a hannunki. Ki nemi a nuna wa mutanen garinku wani lauya mai tsoron Allah da ya san shari'ar zamba, ba wanda ke biro ɗaya da ke ba, sannan ki cire hannunki daga dosiyen gaba ɗaya, don kada a sami hanyar rushe musu ƙara ta kanki.

Sauran kuwa ba a yin sa ta waya, ba a kuma aika Maina. Ki hau mota ki tafi da kanki. Ki roƙi Malam ya tara dattawan, har da Zouera, ki durƙusa ki yi musu bayani da Hausar gida: a kotu lauya yana tsaya wa mutum ne don a bi masa ƙa'ida, ba don ya yi rantsuwa a kan halinsa ba, ba ki taɓa cewa a sayi irin kowa ba, laifinki ne da ba ki fayyace wannan tun farko ba, ba na mahaifinki ba. Ki gaya musu a fili cewa in kika tsaya musu, ƙararsu ce za ta faɗi. Wasu za su gane, wasu za su yi tsaki su tashi, ki haƙura da su. Muhimmin abu shi ne su ji da kunnensu cewa Malam Ari bai yaudare su ba, yarda ya yi da ɗiyarsa. Shekara guda yana ɗauke da wannan kunyar shi kaɗai, lokaci ya yi da za ki karɓi rabonki a gaban jama'a.

Ba zan ɓoye miki ba, tambayar da ya yi miki za ta zauna ba amsa, wataƙila har abada, kuma zai yiwu ya daɗe bai huce ba. Ki gaya masa hakan kai tsaye, ki ce akwai abin da ba za ki iya faɗa ba ko da shi ne ya tambaya, kuma yana yi miki ciwo. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan riƙe magana zai fi kowa gane wannan.

Kada ki jira hutun kotu. Shekara saba'in da takwas da hawan jini ba abin jira ba ne, ki tafi cikin satin nan. Allah ya kai ki lafiya, ɗiyata, ya sa ki tarar da shi, ya ba ki bakin faɗin abin da za ki iya faɗa, shi kuma ya ba shi zuciyar yafe miki sauran.

Gwaggo Fanna