Ƙudajena da Mai Kumatu

Ummata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Mai Kumatu? Na san ta hana ki sakat.

Yaya ta ce har yau mita kike, wai ƙuda ya raba ni da 'yata. Ba irin na kwata ba ne, Umma, ƙananan nan ne masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. A cikin abin da suke gadar wa 'ya'yansu akwai wani ɗan guntu, sunansa sai ya karya miki haƙori, ni ɗan kutse nake ce masa. Kwafar kansa yake yi ya liƙa inda ya ga dama, ya ɓata wurin. Idan ta wajen uba ya zo, uwar ba ta da shi, 'ya'yansu mata sai su yi ta saka ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa. Idan kuwa uwar tana da shi, tun a ƙwai take zuba musu kariya, su tashi lafiya lau ko ba su taɓa ganin ta ba. Abin da nake bincike ke nan, kuma da shi nake rarrashin kaina.

Safe da yamma sai na ware matan ƙudan da suka fito daga kwansonsu kafin maza su kai gare su, shi ya sa ba ni da hutu. Ɗakin aikin ko taga babu. Wata rana sai na koma masauki nake tuna ban yi magana da kowa ba sai ƙudaje.

Taki,
Auta

Ummata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki, ya gida?

Jiya da kika ba Mai Kumatu waya na ji tana tambayarki ko Antin waya ce. Na yi dariya don kada ki damu, amma da na kashe na sha kuka.

Ga albishir. Muna da akwatin sanyi, idan aka sa kwalaben ƙudaje a ciki girmansu ja da baya yake, sai su kusan ninka kwanakinsu kafin su fito. Na jera nawa duka a ciki. Wannan ratar ta ishe ni in zo in koma. Na yi mata alkawari ni zan riƙe hannunta ranar da za ta fara makaranta, har jaka na sayo mata, ja mai kunnen zomo. Ki shirya, kishiyarki a wajen Mai Kumatu tana tafe.

Autarki

Ummata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi.

Ba zan zo ba, Umma. Mai kula da kayan aikinmu ya ga akwatin sanyin yana yoyo, don ya taimake ni ya kwashe kwalabena ya mayar na ɗumi, ya manta bai gaya mini ba. Mutumin kirki ne, na kasa ko yi masa faɗa. Yau da safe na tarar sun fara fitowa, ga akwatin kayana a ɗaure. In na tafi za su cakuɗe, jikoki da tattaɓa kunnen da na raina duk su tashi a banza, in ƙara wata shekarar a nan. Na auna, na zauna. Ban sani ba ko daidai na yi.

Yinin yau ina ware mata da ɗan burushi, ina tambayar kaina me na zuba wa tawa 'yar kafin in taho. Na ƙuda ina iya auna shi, nata kuwa ke kaɗai za ki gaya mini.

Ki riƙe mata hannu gam, tana tsoron babur. Jakar tana hanya. Idan ta tambayi wanda ya aiko, ki ce Antin waya ce, shi ne sunan da ta sani.

Ki gaida Yaya. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta