Kwalayen Mwanza da Suka Kwana a Shago

Dar es Salaam, 4 ga Maris

Aminina Shomari,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama Zuhura da jikoki. Yaya ƙafar? Ni dai gwiwa ta ƙi ni, na ƙi ta, haka muke zaune.

Jiya na bi ta kasuwar Kariakoo, na tarar shagonmu ya koma wurin sayar da wayoyi. Sai na tuna ranar da muka haɗa kamfanin fim ɗinka da nawa don mu riƙa raba faya-fayanmu tare. Ka ce, "Kibwana, kai ka iya zaƙin baki, ni na san direbobi, wa zai kama mu?"

Ba ka manta ƙa'idarmu ba: sabon fim ya sauka kowane gari rana ɗaya, in ba haka ba masu kwafi su riga mu. To, makon ƙaramar Sallar nan da fim ɗinka ya faɗi, motar Mwanza ba ta da wurin kwalayenmu duka. Ni na sa Mrisho mai lodi ya sauke naka ya ɗora nawa. Kwana uku suka yi a shago, kafin su isa an cika Mwanza da na jabu. Da ka zo kana huci, na ce Mrisho ne ya manta. Ka kore shi a gabana, ni kuwa ina ta gyara zaman hula. Shekara ba ta zagayo ba muka raba gari.

Ka yafe mini, ɗan'uwa.

Naka,
Kibwana Mfaume

Dar es Salaam, 29 ga Maris

Aminina Shomari,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, takardarka ta iso. Na karanta inda ka kira ni tsohon banza har sau uku, ban yi musu ba. Ka ce naka mai sauƙi ne, fim ka rasa, Mrisho kuwa sunansa ya rasa, don bayan korar babu wanda ya sake ba shi lodi a tasha. Ka ce ba za ka yafe ba sai ya yafe.

Na je Tabora neman Mrisho kamar yadda ka umarta. Da ƙyar na samu gidan, bayan masallaci. Mrisho ya rasu shekara biyu ke nan.

Matarsa, Bi Mwajuma, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo shayi da mandazi, fanken nan namu. Da ta ji sunana sai ta rufe baki don murna. Ta ce kullum yana ba yara labarinmu. Wai Shomari mai zafi ne, amma Dattijo Kibwana, ko ranar da aka kore shi bai ce masa uffan ba.

"Mutumin kirki, haka yake kiranka, Baba."

Na shanye shayin, Shomari. Har na ƙara. Ban faɗa mata ba.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Kibwana